Usta Mati, Mutumin da Ya Tsare Mana Ruwan Sha

Shekara talatin da ɗaya Usta Mati ya yi yana buɗe rumfarsa kafin rana ta ɗaga. Rumfar tana bakin hanyar da ta fita daga ƙauyenmu zuwa garin Managil, a ƙarƙashin wata tsohuwar darbejiya. Da ya dawo daga masallaci sai ya shimfiɗa buhu biyu a ƙasa, ya jera kayan aikinsa, manya a hagu, ƙanana a dama, ya bi kowanne da tsumma ko da bai taɓa shi jiya ba. Matarsa Mero ta kawo masa shayi da madara, ya sha a tsaye. Daga nan duk abin da ya ƙi tashi a ƙauyen nan wurinsa yake zuwa: raksha mai ƙafa uku, keken ɗinki, injin niƙa, famfon feshin auduga, fanka, har agogon masallaci. Usta muke ce masa, yadda ake kiran duk gwanin sana'a a nan yankin Jazira.

A watan jiya ya naɗe buhunan nan ya kai gida. Ni Ruqaya, malamar makarantar ƙauyen, na ga bai kamata ya tafi hutu shiru haka ba. Abin da na rubuta a nan, wani da idona na gani, wani kuma waɗanda suke wurin ne suka ba ni labari.

Ba mutum ne mai yawan magana ba. In ka kawo masa inji kana ta bayani, zai bar ka ka gama, sannan ya ce, "Tada shi in ji." Ya karkata kai, ya lumshe ido, sai ya miƙa hannu ya ɗauko sifana ɗaya daga kan buhu ba tare da ya duba ba. Sau da yawa wannan ɗayan ne kawai yake buƙata.

Shekarar da aka kafa mana allunan sola a kan rijiyar burtsatse, Usta aka damƙa wa kula da su. Alluna goma sha shida ne a kan wani ƙarfe mai gangare, su ke tada famfon da ke tura ruwa cikin babban tankin ƙauye. Ranar da masu kafawa suka tafi, ya shiga ƙarƙashin ƙarfen ya kwanta rigingine, ya daɗe yana kallo. Ya fito yana kaɗa kai. Kowane allo noti huɗu ne ke riƙe da shi, kuma an ɗaure su a lungu, dab da kusurwar ƙarfe, inda sifana na yau da kullum ba ya samun wurin juyawa sai ɗan kaɗan. Ka ja, ka cire, ka sake sakawa, noti ɗaya ya cinye maka minti biyar.

Sati bai zagayo ba ya shiga raksha ɗin Nasir, direban da ke jigilar mutanenmu zuwa babbar hanya, su biyun suka nufi birnin Wad Madani. Nasir ne ya ba ni labarin wannan tafiya, kuma har yau in yana bayarwa sai ya yi tsaki. Ya ce shago bakwai suka shiga a kasuwar kayan ƙarfe. Abin da Usta yake nema shi ne sifana mai ƙas-ƙas, irin wanda ba a cire shi daga kan noti: ka ja, ka mayar, yana ƙara ƙas-ƙas, noti yana kwancewa. A shago na bakwai mai shagon ya fito masa da wani dogo mai nauyi, yana walƙiya.

"Wanga shi ne na maza, ya Usta. Ko tayar tarakta ce sai ya kwance ta."

Usta ya auna shi a hannu ya ajiye. "Ba tarakta nika gyara ba. Ina ƙarami, wanda kansa ke lanƙwasawa?"

Aka kawo masa guda uku, kowanne bai fi tsawon tafin hannu da yatsu ba. Ya ɗauki na farko, ya lanƙwasa kan, ya girgiza shi. Kan ya faɗi laƙwas, ya ajiye. Na biyu ya kai kunne yana juyawa a hankali, yana ƙirga ƙarar. Ya ce haƙoransa manya ne, sai hannu ya yi tafiya mai nisa kafin ya kama, a lungu kuwa babu wannan filin. Na uku ya juya, ƙarar ta zo sirara, a jere, kamar ana zuba gero a kwano. Ya lanƙwasa kan, ya tsaya inda ya bar shi. Ya ciro wani tsohon noti daga aljihu, wanda ya kwanto daga ƙarfen rijiyarmu, ya gwada a kai, gaba da baya. Sannan ya shafa man inji a tafinsa ya sake riƙe mariƙin, don ya ga ko zai sulɓe.

Nasir ya ce, "Usta, tun hantsi muna yawo saboda wanga abin wasan yara?"

"Aikin da ke gare ni ƙarami ne, wurinsa matsattse. Abin da zai shiga wurin nika so, ba abin da za a gani a yaba ba."

Shekara huɗu wannan ɗan sifana yana aljihun gaban rigarsa. Da shi yake bi ya matse notin alluna bayan kowace iskar damina, da shi yake shiga cikin injin raksha inda hannu da ƙyar yake kaiwa. Bai taɓa ara wa kowa ba. In aka tambaya sai ya ce na aiki mai sauƙi ne, wanda bai san shi ba zai danna masa ƙarfi ya kakkarya haƙoran.

Da yaƙi ya iso Madani a ƙarshen 2023, ƙauyenmu ya cika da mutanen da suka gudo. Azuzuwana uku suka zama ɗakunan kwana. Wutar lantarki ta ɗauke ba ta dawo ba, man dizal ya ɓace, waya ta daina shiga. Ruwa mai tsabta ɗaya ya rage mana, na tankin nan. In ba shi ba sai tur'a, babbar magudanar ban ruwa da ta bi ta bayan gonaki, wadda a lokacin ruwanta ya tsaya cak, ya yi kore, dabbobi na sha suna kashi a ciki.

Wata Talata da hantsi, ina tsaye a layin ɗibar ruwa, sai ga Nasir a kan keke, ba takalmi, rigarsa a yage. Raksha ɗinsa aka ƙwace a ƙauyen da ke gabas da mu. Ya faɗi a gaban Shehu Ladan, mai garinmu, yana haki.

"Masu bindiga ne, mota biyu. Sun kwashe allunan rijiyarsu duka, da na asibitinsu. Yanzu suna bi gida gida. Na ji suna tambayar hanyar nan."

Shehu Ladan ya ce, "Minti nawa tsakaninmu?"

"In sun gama da gidajen, rabin awa. Wataƙila awa guda."

Wurin ya ruɗe. Mata suka saki bokitai suna kiran 'ya'yansu, wasu maza suka ruga su kora awaki cikin gona. Usta Mati yana daga rumfarsa ya ji. Ban ga ya yi gudu ba. Ya taho da saurinsa na kullum, ya kashe famfon, ya zare wayoyin, ya kwanta ƙarƙashin ƙarfen. Daga can ƙasa muryarsa ta fito.

"Mata biyu ga kowane allo. Ku riƙe ta gefe, kada ku danna tsakiya. Sabah, zo ki tallafe min wanga."

Sabah bazawara ce mai 'ya'ya huɗu, da ɗinki da tsinkar auduga take riƙe gidanta, kuma shekaru Usta yana gyara mata kekenta. Ita ta fara ajiye tulunta. Ta sa kafaɗa ta tokare allon farko. Muka ji ƙas-ƙas-ƙas, noti ya faɗo, ƙas-ƙas-ƙas, wani ya faɗo. Kafin in gama naɗe tobina, lafayar da nake yafe da ita, a ƙugu, allon farko ya rabu da ƙarfe. Ni da wata mata daga cikin baƙinmu, wadda ko sunanta ban sani ba a lokacin, muka ɗauka muka nufi wata ƙaramar magudana da ta bushe a bayan makaranta. Can aka yi ta jera su, ana lulluɓewa da karan dawa.

Noti sittin da huɗu ne. Shehu Ladan ya hau kan rufin makaranta da kansa, dattijo mai shekara saba'in, yana kallon gabas. Duk wanda ya dawo daga magudana sai ya ɗaga kai ya dube shi, shi kuma ya girgiza kai, ma'ana ba a ga ƙura ba tukuna.

A allo na tara noti ɗaya ya ƙi. Tsatsa ta cinye shi, ya manne. Usta ya gwada sau ɗaya ya tsaya. Nasir, da ya ɗan farfaɗo, ya rarumo wani guntun bututun ƙarfe ya durƙusa.

"Zura mariƙin cikin wanga mu danna tare, Usta. Lokaci na tafiya."

"A'a."

"Wallahi suna hanya."

"In na danna haƙoran za su tafi. In sun tafi, sauran notin da mi za mu kwance su? Miƙo min mai, da sifanan can mai baki goma sha uku."

Ya ɗiga mai. Ya jira. Ina tsaye a kansa, shi kuwa yana kwance yana kallon notin kamar babu abin da ke tafe. Ya sa sifanan, ya buga masa dutse sau biyu, notin ya yi ƙara ya motsa. Sai ya koma ga ɗan ƙaraminsa. Minti huɗu wannan noti ya ci, kuma ban taɓa ganin minti huɗu masu tsawo irinsu ba.

An sauke na goma sha biyu ke nan Shehu Ladan ya ɗaga sandarsa. Ƙura ta taso a kan hanyar gabas.

Saura huɗu. Nasir ya ce a yi maza, za a iya. Usta ya fito daga ƙarƙashin ƙarfen ya zauna, ya share gumi.

"Waɗanga huɗu a bar su."

Shehu Ladan, da ya sauko yana dogara sanda, ya ce, "Mati, mu bar musu da hannunmu?"

"In sun tarar da ƙarfe tsirara, gida gida za su bi, har sai sun gano magudanar. In sun sami huɗu, akwai abin da za su ɗora a mota su tafi. Sha biyu na tada famfo in rana ta take. Na gwada."

"To kai ma tashi ka ɓace."

"Dole su sami wanda za su tambaya, Shehu. In ba ni ba, wani za su kama, wanda bai san abin da zai ce ba."

Ya sa Sabah ta tsince notin da suka zube ta ƙulle a bakin tobinta, ya ɗebi ƙasa ya shafa a ramukan da suka yi fari. Sannan ya kore mu duka. Ni na shiga ajin da ya fi kusa, na tsuguna a bayan taga tare da mata kusan ashirin, kowace ta toshe bakin ɗanta.

Mota biyu suka tsaya a gindin tanki. Mutum tara na ƙirga. Babbansu, wani dogo da ya naɗe fuska da rawani, ya zagaya ƙarfen sau ɗaya, ya tambayi Usta da Larabci ina sauran allunan.

Usta ya ce, "Waɗanda suka riga ku sun ɗauka. Abin da suka bari ke nan."

Mutumin ya durƙusa, ya zura yatsa a ramin noti, ya goge ƙasar. Ƙarfen ya fito fari tas. Ya miƙe ya nuna wa Usta yatsan, ya sake tambaya. Usta ya maimaita abin da ya faɗa, kalma a kan kalma. Aka mare shi, hularsa ta faɗi. Aka sa masa bakin bindiga a ƙarƙashin haɓa. Kusa da ni Mero ta cusa gefen tobinta a baki tana cizo, hawaye na zuba, ba ta yi ko tari ba. Magudanar tana bayanmu, taku hamsin daga inda suke tsaye. Da ɗayansu ya zagaya makaranta don ya yi fitsari, da ya gani.

Sau uku aka tambaye shi.

Sai babban ya ce ya kwance musu huɗun. Usta ya kwanta ya kwance, muna jin ƙarar sifanan har cikin aji. Suka ɗora a mota. Mun ɗauka an gama. Mutumin ya dawo, ya ce Usta ya ɗora hannunsa na dama a kan ƙarfen. Ya ɗora. Mutumin ya ɗaga gindin bindiga ya sauke a kan hannun, sau biyu. Ya karɓi ɗan sifanan, ya juya shi, ya yi dariya ya nuna wa yaransa, ya wurgar cikin taɓon da ke gindin famfo. Suka bi ta kasuwa suka kwashi buhunan dawa da awaki, suka wuce.

Da muka fito Usta yana zaune, ya rungume hannun a ƙirji, fuskarsa ta yi toka. Mero ta durƙusa a gabansa. Abin da ya fara cewa shi ne, "Kada kowa ya je magudana yau. Suna iya dawowa." Sabah ta shiga taɓon da hannu biyu tana lalube har ta ciro sifanan, ta wanke, ta kawo masa. Ya ce ta juya shi kusa da kunnensa. Ta juya. Ya gyaɗa kai.

Yatsu uku ne suka karye, da ƙashin bayan hannu. Hanyar asibitin Managil ba ta biyuwa a lokacin, mai ɗorin gargajiya ne ya ɗaure masa da kara.

Kwana biyu tanki ya ƙafe. A rana ta uku na ga yara sun fara gangarawa tur'a da jarkoki. Usta ma ya gani. Ya fito da hannu a rataye a wuya, zazzaɓi na kaɗa shi, ya aika a kira Sabah ta zo ta mayar da allunan kan ƙarfen.

"Ni ban taɓa riƙe sifana ba, Usta."

"Kin iya sa allura a keke cikin duhun ɗaki. Wanga ya fi sauƙi. Kwanta nan. Lanƙwasa kan har ya zauna daidai a kan notin. In kin ji ya yi tauri, tsaya, kada ki yi gardama da shi."

Daga ranar, wata goma sha ɗaya, haka muka rayu. Da hantsi masu gadi su hau rufin makaranta da na masallaci. Mata su ɗauko alluna goma sha biyu daga maɓoya, Sabah ta ɗaura kowanne da noti biyu kacal, Usta yana tsugune a gefenta yana haɗa wayoyi da hannun hagu. Famfo ya yi aiki awa uku, tanki ya kai rabi. Kafin azahar a sauke, a mayar, a share sawun ƙafa da tsintsiya. Maɓoyar ma sau biyar aka canza ta. Sau biyu aka ɗaga sanda daga kan rufi muna tsakiyar aiki, kuma duk sau biyun motocin sun iso sun tarar da ƙarfe tsirara da wani tsoho mai karyayyen hannu yana zaune a inuwa. Rana ɗaya bai yi fashi ba, har ranar da aka yi jana'izar ƙaninsa. Daga maƙabarta gindin tanki ya wuce.

Da damina ta zo, amai da gudawa suka shiga ƙauyukan da ke shan tur'a. A ƙauyen da ke gabas da mu akwai ranar da aka binne mutum shida. Mu ma cutar ta taɓa mu, mun rasa mutum biyu, Allah Ya ji ƙansu. Amma a makarantata, cikin yara ɗari da arba'in da ke kwana a azuzuwa, ba mu ɗauki gawar ko ɗaya ba.

Usta, kai ne ka kwanta a ƙasa lokacin da kowa yake neman inda zai gudu. Kai ne ka jira mai ya ratsa tsatsa alhali ƙura na shirin tasowa, kuma kai ne ka zauna a gindin tanki don a sami wanda za a tambaya. Na san in aka karanta maka wannan za ka ce Sabah ce ta yi aikin, da matan da suka yi ta ɗauka a kafaɗa, da Shehu da ya yi ta hawa rufi da tsufansa. Gaskiya ne, kuma su ma muna gode musu. Amma dukkansu da na tambaya, sunanka suka fara kira.

Yanzu hanya ta buɗe, allunan sun koma mazauninsu da notinsu huɗu huɗu, wasu daga cikin baƙinmu sun koma Madani. Likitan da ya duba hannun Usta daga baya ya ce ƙashin ya haɗe a karkace, yatsun ba za su ƙara naɗewa ba. Ya yi ƙoƙarin ci gaba da aiki da hagu har na tsawon shekara, sai ido ma ya fara gajiya. Rijiya tana hannun Sabah. Rumfar bakin hanya kuwa babu kowa a cikinta, kuma wannan shi ne abin da ke damuna. Samarinmu da 'yan matanmu, ga mutum nan da ransa, da hankalinsa, a gida yake wuni. Ya ce duk wanda ya zo zai koya masa, mace ko namiji. Ku je. Ku koyi sauraron inji kafin ku taɓa shi, ku koyi zaɓen kayan aiki daidai da aikin da ke gabanku, ku koyi tsayawa a kan amanar da aka ba ku ranar da tsayawar take da tsada.

Mun gode, Usta Mati. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka lafiya, Ya shayar da kai kamar yadda ka shayar da mu.

Wanda kuma hanya ta biyo da shi ta ƙauyenmu, ya tsaya ya gaishe shi. Gidansa ne na uku bayan masallaci. Zai miƙo muku hannun hagu. Ku karɓa da hannu biyu, kada ku ɗauka raini ne. Na daman a wurin tsare mana ruwa ya ba da shi.